Sheƙa a Bututun Gidan Kansila

Ranar Lahadin da ƙararrawar cocinmu ta ƙi kaɗawa, ina ɗakin girki ina yanka wa matata Pola burodi. Shekara talatin da ɗoriya Hipolit yana kaɗa ta ƙarfe tara saura kwata, ko ya kwana a buge ko ya kwana garau. Pola ta dubi agogo, ta dube ni.

"Tsohon nan dai sai in mutuwa ya yi," in ji ta.

Ashe ta faɗa daidai. Wajen goma da rabi Sajan Bielak ya kira ni. An tarar da Hipolit a kan benci a gidan kansilarmu Leokadia, wadda muke kira Pani don girmamawa kamar yadda ake kiran namiji Pan, ya riga ya sandare, murhu cike da kwal da bai gama ci ba. Hayaƙi ne ya kashe shi.

"To ni mene ne nawa a ciki, Sajan?"

"Akwai buhu cushe a bututun hayaƙi, Pan Zenon. Daga ƙasa ma ana hango kunnensa. Na hana kowa hawa, ni kuma ka san ni da bisa."

Na san shi. Ko kujera Sajan ya hau zai sauya ƙwan lantarki sai an riƙe masa ƙafa. Ni kuwa shekara talatin da takwas na yi a aikin gandun daji ina bin sawun kyarkeci da aladun dawa da ɓarayin katako, don haka duk abin da ya faru a Modrynka muddin akwai ƙanƙara a ƙasa, ni ake tasowa. Na sa takalmi na fita.

*

Kafin in isa, rabin gari ya riga ni, kuma an riga an yanke hukunci.

"Walerian ne."

"Jiya da tsakar rana aka gan shi da tsani."

"Ga sunan injinsa nan a jikin buhun, sai makaho."

Walerian Kruk shi ke da injin yanka katako a bakin rafi. Tun da majalisar gunduma ta ƙi shimfiɗa kwalta zuwa injin nasa ya ɗaura gaba da Leokadia, har ya kai ƙara cewa ba a cikinmu take zaune ba. Sharuɗɗan zama kansila ba su da yawa: ka zama ɗan ƙasa, ka kai shekara goma sha takwas, kada ya zamana kotu ta taɓa ɗaure ka, sannan gidanka na dindindin ya kasance cikin gundumar. Ba a tambayar takardar makaranta, ba a tambayar hankali, wanda ya taɓa zama ya saurari majalisarmu ma ya san haka. Amma zancen gida ba a wasa da shi. Wanda ya tashi, kujerarsa ta tashi.

Kwamitin majalisa zai zo duba gidan ranar Litinin. Ranar Juma'a kuma za a kaɗa ƙuri'a kan rufe sashen wankin ƙoda na asibitin gunduma. Kansiloli goma sha biyar ne: bakwai na son a rufe, bakwai ba sa so, Leokadia ce ta takwas a ɓangarenmu. Na ce ɓangarenmu domin sau uku a mako nake kai Pola wankin nan, tafiyar kilomita ashirin. In an rufe, sai birni, kilomita ɗari da goma, a kan hanyar tsauni da ƙanƙara kan toshe kwana biyu a jere.

Na zagaya gidan a hankali. An zuba ƙanƙara daga yammacin Asabar, ta ɗauke kafin asuba. A bayan gida na share sabuwar da tafin hannu, na samu ramuka biyu na ƙafafun tsani a ƙarƙashinta, daidai wata tagar sama. Daga nan zuwa bakin rufi akwai fiye da tsayin mutum.

Na shiga ciki, na hau ɗakin ƙarƙashin rufi, na tura 'yar ƙofar da ake fita sama. Daga bakinta har gindin bututu an share ƙanƙarar, sharar kuma sabuwa ce, ko ƙwaya ɗaya ba ta sake sauka a kai ba. Mai sharar ya manta wuri ɗaya a bayan bututun, inda ya dasa ƙafa a karkace, gefen takalmi na cizon rufi. Na zaro buhun na jefa wa Sajan, ya cafe da safar hannu ya sa a leda. Wani ɗan ƙirare ya maƙale a hannun rigata, da gashin tunkiya nannaɗe a jikinsa. Na sa shi a aljihu ba don na san amfaninsa ba, tsohuwar ɗabi'a ce kawai.

"Me ka gani?" in ji Sajan.

"Ba ni kwana biyu."

Kafin in sauko an riga an tafi da Walerian.

*

Gwaggo Genowefa na zaune tsallaken titi, daura da gidan Leokadia, kuma tagarta ta fi kowace jarida. Ta zuba mini shayi da lemun tsami, ta turo farantin kek ɗin da haƙorana ba sa iyawa. Tun ina yaro Zenek take kira na.

"Da idona na gan shi, Zenek. Ƙarfe sha biyu, tsani a kafaɗa, yana waige-waige."

"Rufi ya hau?"

"To ina zai hau? Sama wurin mala'iku?"

"Kin gan shi a kan rufin, Gwaggo?"

Ta juya cokali a kofi. "Bayan gida ya zagaya. Idona ba ya huda bango."

"Hipolit fa?"

"Ƙarfe biyu ya zo da bokitin kwal, da 'yar kwalbarsa a aljihu, Allah Ya ji ƙansa. Leokadia ce ta ce ya ɗan ɗumama mata gida."

"Hayaƙi ya fito?"

"Ya fito mana, ɗan siriri kamar zare, har duhu ya yi ina ganinsa. Na ce a raina oho, bana kawka za su ji a jikinsu."

Kawka su ne 'yan ƙananan hankakin nan namu masu tokar ƙeya. Na tambaye ta me ya kawo zancensu.

"Ai sun hana ni barcin safe. Bara da bara waccan, da zarar sanyi ya wuce, rufin nan ya zama kasuwarsu." Sai ta dube ni ta saman tabarau. "Ni ban ce komai ba, ka ji ko? Leokadia a nan take zaune. Kullum ina ganinta."

"Na sani, Gwaggo. Ni ma kullum ina ganinta."

Duk Modrynka muna ganinta kullum. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kama mijinta, ta kwashe shi zuwa gidan 'yarsu a birni. Takan zo ranar zaman majalisa da ranar Lahadi, ta ajiye mota a ƙofar gida, ta sauya labule. Mata na shayar mata da furanni, mai kai wasiƙu na ajiye nata a shago. Ba mu taɓa zama mun shirya ƙaryar ba, ta dai shirya kanta, kowa ya kama inda ya iya. Ni ma sau biyu na share mata ƙanƙarar ƙofar gida, na tattaka sawu ya shiga ya fita.

*

Sajan ya bar ni na ga Walerian ranar Litinin. An ɗage zuwan kwamitin saboda rasuwa. Mutumin da muryarsa ke danne ƙarar injinsa, na same shi zaune ya riƙe wando da hannu don an karɓe masa bel.

"Ka zo kallo ne, maƙwabci?"

"Me ya kai ka da tsani?"

"Hoto. Ɗakin kwananta na ɗauka ta taga. Gado ba katifa, kabad a buɗe ba ko riga ɗaya. Suna cikin wayata, na nuna wa Sajan, ya ce wannan ma shaida ce cewa na je."

"Buhun fa?"

"Zenek, wane gida ne a Modrynka babu buhun garin katakona? Ka duba bayan gidanka. Kyauta nake ba ku, marasa kunya."

Akwai guda huɗu a rumfar itacena.

"Ni Hipolit ne ya koya mini kama kifi," in ji shi. "Jiya an farfasa mini tagogi. Matata ta je shago, an ce burodi ya ƙare, ga shi nan jibge a kan kanta. Ranar Alhamis za su kai ni wurin mai gabatar da ƙara, kisan kai, ka ji. Ni dai doka na bi. Ba ta zaune a nan, kai ma ka sani."

"Ka san abin da zai faru da asibiti in ta sauka?"

Ya sunkuyar da kai. "Na sani. Haushin kwalta ne ya ɗebe ni. Yaya jikin Pola?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa son mutumin nan ba, kuma na fito daga wurinsa na tabbata bai taka rufin ba.

*

Ranar Talata na koma gidan Leokadia da tocila da doguwar sanda. Na haska cikin bututun. Ƙasa da baki da kamu ɗaya ƙirare ne cunkus, da gashin tunkiya, da guntayen igiya da takarda. Na zura sandar ta shige fiye da tsayina ba ta kai ƙarshensu ba. Na sama sababbi ne, na ƙasa sun yi baƙi sun ruɓe. Sheƙar kawka ce, ta shekara biyu, ɗaya kan ɗaya.

Kawka ba ta sheƙa a bututun da ake hura wa wuta. Kowane yaro a tsaunukan nan ya san wannan. Gidan da aka kwana a cikinsa ko da mako guda ne na hunturu, da wuta ta cinye ƙiraren, ko hayaƙi ya kori masu gidan waje tun ranar farko.

Na zauna a kan doron rufin. Babu wanda ya kashe Hipolit. Tsuntsaye sun yi gidansu inda suka ga babu kowa, tsoho ya hura kwal ya kurɓi 'yar barasarsa ya miƙe a benci. Buhun daga baya aka cusa shi, don kada wani ya leƙa ya ga abin da nake gani. Abin da zai fitar da Walerian shi ne kuma zai tsige Leokadia, babu yadda za a raba su.

*

Mutum ɗaya ne a yankinmu yake dasa ƙafa a karkace a kan rufi. Na sami Ludwik mai sharar bututu a gidansa yana shafa wa igiyoyinsa mai. A nan in mutum ya hango mai sharar bututu a hanya sai ya yi maza ya kama maɓallin rigarsa don sa'a, shi ya sa Ludwik ya saba duk inda ya shiga a yi masa murmushi. Ni ban yi ba.

"Yaushe rabonka da rufin Leokadia?"

"Watan Oktoba. Ga takarda nan na sa hannu, an share, yana aiki lafiya. Tana cikin takardun da ta kai wa kwamiti."

"Ka hau, ko a shago ka sa hannun?"

"Pan Zenon, gida ɗari shida nake dubawa."

"Ban tambaye ka gida nawa ba."

Ya ci gaba da shafa mai.

"Jiya ka ga an ɗage zuwan kwamitin," in ji shi. "'Yan kwana-kwana sun ce in je in share bututun ranar Alhamis, don kada a sake samun haɗari. Daga nan shi ke nan. Kai ma ai ka fi kowa buƙatar ya zama shi ke nan."

"Walerian fa?"

"Lauya zai fitar da shi. Yana da hali."

"In bai fitar da shi ba?"

Ludwik ya ɗago. "Ƙanwata ma tana wankin nan, Litinin da Laraba da Juma'a. Gadonta na kusa da na matarka. Me kake so in ce maka?"

*

Kansilar da kanta ta tare ni, a maƙabarta, inda ake haƙa kabarin Hipolit da wuta saboda ƙasa ta riga ta daskare. Leokadia malamar lissafi ce kafin ta shiga majalisa, ita ta koyar da 'ya'yana duka biyu. Shekara tara tana kansila. Ita ta hana a soke motar safa ta safe, ita ta zauna kan batun gadar rafi har aka gyara, ita kaɗai ke karanta kasafin asibiti shafi-shafi alhali sauran na jiran a kawo kofi.

"Na ga ka hau ɗazu, Pan Zenon."

"Ƙarfe nawa kika same shi, Pani Kansila?"

"Takwas da rabi."

"Sajan ya ce tara da rabi kika kira."

"Ludwik na fara kira." Ba ta kawar da ido ba. "Na ce masa ya yi wani abu. Na zaci zai fitar da ƙazantar ne. Ya sauko ya ce ta daskare, sai an yini ana haƙa. Ban san da buhun ba sai da na fito na ga mutane na nunawa."

"Da aka sa Walerian a mota kina tsaye."

"Ina tsaye." Ta dubi kabarin. "Ni na aiki Hipolit. Na ce ya ɗumama bango kwana biyu, don kwamiti su shigo su ji ƙanshin gida. Wannan zan ɗauke shi har kabarina, ba sai an taya ni ba. Amma ka ba ni zuwa Juma'a. In na ɗaga hannu aka ƙirga, ranar Asabar ni da kaina zan je wurin Sajan."

"Ranar Asabar babu sheƙa, Ludwik ya share. Sai maganarki kawai, ga buhu mai sunan Walerian, ga shaidu goma da suka gan shi da tsani. Za a ce tausayi ne ya kama ki."

"Ka san wanda ke bi na a jerin sunaye? In na sauka, surukin shugaban majalisa ne zai hau. Mutum arba'in da uku ke wanki a sashen nan. Na san sunayensu duka." Ta kama hannun rigata. "Mijina ko cokali ba ya iya riƙewa. Ina za ni da shi a gidan da bayinsa ke waje? Dokar ba ta tambaya ko ina aiki, gadona kawai take tambaya."

Na juya na kama hanyar gida.

*

Da yammacin ranar iskar kudu ta taso, mai ɗumin nan da ke sa tsofaffi ciwon kai. Ruwa ya fara ɗiga daga kowane rufi. Sawun da ke bayan bututu ba zai kai jibi ba.

Pola na kwance a kujera da bargo, hannun da ake huda mata a kan matashi. Na ɗumama miyar kabeji, na kawo mata, na zauna ina kallon tawa.

"Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ganin ka bar miya ta huce ba," in ji ta. "Faɗa mini."

Na faɗa mata duka. Na zaro ɗan ƙiraren daga aljihu na ajiye a kan tebur. Ta daɗe tana juya shi.

"Kana jira in ce ka je ka faɗi gaskiya, ko? In zama waliyyiya, kai kuma ka samu sauƙi."

"Ban san abin da nake jira ba."

"To ba zan ce ba. Tsoro nake ji, Zenek. Hanyar nan ba zan iya ta ba, sau uku a mako, kai ma idonka ba ya gani in duhu ya yi. Ina son in ga auren jikata. Ka yi shiru. Walerian ba ɗan uwana ba ne, ko gaisuwar kirki bai iya ba."

Na ce to. Da gaske kuma nake, na kwanta a kan zan yi shiru.

Da safe na fito na tarar da tsohuwar rigata ta aikin daji, koriyar nan da ban sa ba tun ranar da na yi ritaya, a rataye a jikin ƙofa, an goge ta. Pola na tsaye wajen taga ta ba ni baya.

"Matar Walerian ce ta fara kai ni asibiti, lokacin da kake daji," in ji ta. "Kada ka yi mini magana. Tafi."

*

Bayan jana'iza ranar Laraba aka taru a zauren 'yan kwana-kwana don cin abincin makoki. Na roƙi Sajan ya kawo Walerian, ya kuma zo da ledar. Dogayen tebura uku, romo da taliya, kwalabe a tsakiya. Da aka shigo da Walerian zauren ya yi tsit. Leokadia na zaune kusa da Fada, limamin cocinmu, Ludwik na can ƙarshe kusa da ƙofa.

Na miƙe. Ban iya jawabi ba, don haka na bi abin kamar yadda nake bin sawu.

"Tsanin Walerian ya tsaya a bayan gida kafin ƙanƙara ta sauka, ramukansa na ƙarƙashinta, kuma bai kai rufi ba. Wanda ya hau rufi ta cikin gida ya bi, bayan ƙanƙara ta ɗauke, wato safiyar Lahadi. Gwaggo Genowefa, hayaƙi ya fito ranar Asabar?"

"Ni tsohuwa ce, ban cika gani ba."

"Gwaggo, gawar da muka binne yau ita ta kaɗa wa mijinki ƙararrawa ranar jana'izarsa."

Ta share ido da gefen ɗankwali. "Ya fito. Har duhu."

"Bututun da aka toshe da buhu tun rana ba ya hayaƙi har duhu. Sajan, buɗe ledar."

Ya buɗe. Na miƙa buhun ga na kusa da ni, na ce ya shinshina ya miƙa gaba. Ya bi hannu-hannu har ƙarshen tebur. Ƙanshin katako kawai yake yi, gefe ya ɗan goge baƙin bango, amma gindinsa fes, hayaƙi bai taɓa bugunsa ba.

"To me ya kashe shi?" wani ya tambaya daga baya.

"Zenek, zauna," in ji wata murya. "Don Allah zauna. Ka tuna Pola."

Na tuna ta. Na zaro ƙiraren na ɗaga.

"Kawka. Sheƙar shekara biyu, ta fi tsayina. Tana nan, kowa na iya hawa ya gani."

Babu wanda ya tambayi ma'anar wannan, duk mun girma a ƙarƙashin bututu. Shugaban majalisa, wanda ya zo ta'aziyya da baƙar kwat, ya ajiye cokalinsa a hankali ya zaro ɗan littafi.

Ludwik ya tashi da kansa. "Ni na sa buhun. Shi na tarar a ɗakin sama, ban ko duba sunan ba. Takardar Oktoba kuma a shago na sa mata hannu." Ya ratsa tsakiyar zauren ya nufi Sajan, a cikin baƙaƙen kayansa na aiki, babu hannun da ya tashi zuwa maɓalli.

Leokadia ta miƙe, ta gyara jakarta. "Shekara biyu ke nan ba na kwana a Modrynka," in ji ta. "Ku gafarce ni. Walerian, kai ne na farko."

Walerian kuka yake yi. Ni kuma na tsaya da ƙirare a hannu, ban ji na yi wani abin kirki ba. Ƙanwar Ludwik ta zo wucewa ta gabana, ta tsaya, ta dube ni tun daga takalmi har hula.

"An gode, Pan Zenon," in ji ta. "Ka iya aikinka."

*

Leokadia ta ajiye kujerar washegari. Ranar Juma'a abu na farko da majalisa ta yi shi ne rantsar da surukin shugaba, na biyu ƙuri'a. Takwas da bakwai. Aka ba sashen zuwa ƙarshen Janairu.

Mun gwada hanyar. Mako uku muka yi, a tafiya ta goma ƙanƙara ta toshe tsauni muka juyo, Pola ta kwana biyu tana kumbura, numfashi na yi mata wuya. Ɗanmu ya samo mana ɗaki ɗaya a birni, hawa na huɗu, kusa da asibiti. Daga tagarsa wurin ajiye motoci ake gani. Pola na nan da rai, ta rame, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Ƙanwar Ludwik ba ta kai Ista ba.

A farkon bazara na zo ɗaukar kayan zafi da tukwanen da Pola ke kewa. Mutane sun gaishe ni da ka, daga nesa. Ina ɗaure kwali a mota sai ga Walerian ya tsaya da babbar motarsa ta katako.

"Maƙwabci, zaɓe ya matso," in ji shi. "Mun yi magana da mutane. Haushinka suke ji, amma sun ce kai kaɗai ne ba za a iya saya ba. Ka tsaya takara. Kujera ɗaya muke nema a sake buɗe sashen, injinan ma ba a kwashe ba tukuna."

"Ba a nan nake zaune ba, Walerian."

"Sunanka na nan a rajista. Ka riƙa zuwa ranar Lahadi." Ya rage murya, ya matso. "Ka bar mini makulli. Ni zan riƙa hura maka wuta, wa zai sani?"

Na ɗaga kai, shi ma ya bi idona. Kawka biyu ne a bakin bututun gidana. Ɗaya ta sauko da ƙirare a baki, ta karkata kai, ta saka shi ciki, ta tsaya tana sauraron inda zai tsaya.

Walerian ya sunkuya ya ɗauki dutse.

"Bar su," na ce. "Ba su yi ƙarya ba, babu kowa a gidan."